"Mi Anka Rasa?": Shaƙuwar Miji da Mata a Sakkwato Yayin da Gida Ke Cika

Ranar da aka zo ɗaukar matata goyon ciki, ban ce uffan ba. Cikin fari ne, ya shiga wata bakwai, aurenmu kuwa bai rufa shekara ba. Gwaggonta ce ta zo tare da wata tsohuwa, suka gaisa da mahaifiyata, aka zuba kaya a akwati, aka sa ta a mota zuwa gidansu a Gidadawa. Ina tsaye a ƙofar gida kamar ɗan rakiyar baƙi. Abin da ke cikina ba na faɗa a gaban manya ba ne, sai na ce Allah ya kiyaye hanya, alhali tafiyar ba ta kai ta minti goma sha biyar ba.

Ta kusa wata huɗu can. Nakan je bayan sallar isha'i, in tsaya a zaure, a aiko yaro da tabarma da kwanon fura. Surukata takan gaishe ni daga ciki, ba mu ganin juna: "Sannunku da zuwa. Kun wuni lahiya?" Da aka haihu, ƙanwar matata ce ta fito mini da jaririn a naɗe cikin zane. Na dube shi da wutsiyar ido na mayar mata, kada a ce na yi rashin ta ido a gidan surukai. Ita mai jegon in ta leƙo, jikinta na ƙamshin hayaƙi da ganyen da ake fyaɗa ruwan zafi da shi, tambayata ɗaya ce kullum: "Mi anka rasa?" Ta ce, "Ba komi." In ajiye kuɗin icce da na nama, in tashi.

Shekaru da yawa na ɗauka na yi duk abin da ake so miji ya yi. A ma'aunin unguwarmu kuwa na yi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin abin da ya hana ni barci a waɗannan watanni, wanda mu za mu kira shaƙuwa. Wanda ya aza harsashin nazarin wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Ingila, John Bowlby, da ya yi aiki da yaran da aka raba da iyayensu. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahotonsa kan yaran da suka rasa gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ganinsa, nono kaɗai bai isa ya bayyana yadda jariri ke manne wa uwa ba. An halicci ɗan Adam da buƙatar wani mutum takamaimai, wanda zai ruga wurinsa in ya firgita, wanda kuma sanin yana nan kusa ke ba shi ƙarfin halin fita wasa. Hujjar farko ta gani da ido daga Afirka ta fito. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Uganda a 1954 da 1955, tana shiga gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, ta zauna tana kallon uwa da ɗanta, ta rubuta abin da ta gani, ta sake komawa bayan mako biyu. Ba ta raba wa kowa takardar cikewa ba.

A 1987 wasu Amurkawa biyu, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka ce ai babba ma bai rabu da wannan buƙata ba, sauya mata wuri kawai yake yi. Suka buga 'yan tambayoyi a wata jaridar birnin Denver, masu karatu suka aiko da amsa. Kashi 56 cikin ɗari suka bayyana kansu a matsayin masu natsuwa: kusantar mutum ba ta ba su tsoro, dogaro da shi bai dame su ba. Kashi 25 masu ja da baya ne, waɗanda in aka matso su sai su ji an takura su. Sauran kashi 19 masu ɗar-ɗar ne, kullum cikin fargabar za a gudu a bar su. Kowa ya san irin waɗannan mutane a danginsa, ko da bai taɓa jin sunan Denver ba.

Mu kuwa da muka tashi da karatun sira ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani kan cewa babba na da mafaka. Da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, Manzon Allah (SAW) gida ya nufa yana makyarkyata, wurin Nana Khadija, ita ce ta lulluɓe shi ta kwantar masa da hankali. Aya ta 21 a Suratur Rum ma natsuwa ta fara ambata a matsayin manufar aure, kafin soyayya da jinƙai.

Abin da haihuwa ke yi wa aure

Tambayar da ta fi shafar mu ita ce yadda wannan mafaka ke kasancewa idan gida ya fara cika. Tun 1957 wani masanin zamantakewa, E. E. LeMasters, ya yi hira da ma'aurata 46 a Amurka, 38 daga cikinsu suka ce haihuwar fari ta girgiza zamansu ƙwarai. An yi ta jayayya da shi, amma binciken da ya biyo baya bai wanke jariri daga zargi ba. Philip Cowan da matarsa Carolyn, na jami'ar Berkeley, sun bi ma'aurata 96 shekara da shekaru, suna hira da yawancinsu tun daga ciki har yaro ya shiga makaranta, suka fitar da littafi a 1992. Akwai wata dabararsu da ta burge ni. Sukan ba mutum zanen da'ira kamar faifai, su ce ya yanka shi gwargwadon yadda yake jin kansa: ga yankin uba ko uwa, ga na ma'aikaci, ga na miji ko mata. Bayan haihuwa yankin iyaye yakan kumbura, musamman wurin mata, kuma yankin da ake matsewa don ya samu wuri shi ne na miji da mata.

A 2001 Steven Rholes da Jeffry Simpson da abokansu suka duba mata kafin haihuwar fari da wata shida bayanta. Waɗanda aurensu ya fi yin sanyi su ne masu ɗar-ɗar ɗin nan, idan suka shiga haihuwa suna ganin miji bai tsaya musu ba. Mai ɗar-ɗar da ta ji mijinta na tare da ita kuwa, ba ta sha bamban da sauran mata sosai ba. Ita kuma Brenda Volling ta jami'ar Michigan ta bi gidaje 241 da ke jiran ɗa na biyu, ta ga yawancinsu sukan ɗan shiga ruɗani a watan farko, su dawo daidai cikin 'yan watanni.

Duk wannan ilimi ne mai amfani. Sai dai an gina shi a kan gidan da ke da miji ɗaya, mata ɗaya, yaro ɗaya ko biyu, da ƙofar da ba mai turowa sai ya buga waya. Wasu masana sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba.

Zo Sakkwato ka ga bambanci. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a jihar Sakkwato na haihuwar 'ya'ya bakwai a matsakaici, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Ɗauki alƙalami: wata tara na ciki, kusan shekara biyu na goyo, sau bakwai. An doshi shekara 19. Abin da Bature ke kira ɗan lokacin sauyi, wanda ma'aurata za su daure su wuce, a wurinmu shi ne auren kansa. Mace takan shiga ɗakin miji tana yarinya, ta ɗago kai daga goyon auta ta tarar 'yarta ta fari ta kawo mata jika.

Al'ada ba ta yi sakaci da wannan nauyi ba. Ta yi masa tanadi, amma tanadin nata raba miji da mata ne a duk haihuwa. Goyon ciki ya mayar da yarinya gaban uwarta. Wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da kunun kanwa da gasasshen nama, aikin tsofaffi ne, namiji ba ya leƙawa. Bayan arba'in kuma ga tsoron kwanika, da maganar tsofaffi cewa nono zai ɓaci in aka yi gaggawar komawa turaka, da gorin da ke jiran wadda ta yi ciki ɗanta bai tashi ba. A duk wannan tsawon lokaci mace na da inda za ta jingina: uwa, gwaggo, inna, ungozoma, ƙawa, matan gida. Miji aikinsa rago da icce da goron suna. Ba a nemi ya zama mafaka ba, don haka ba a koya masa ba.

Shi ma jaririn haka ya tashi. A 1977 Robert Marvin da wasu abokan aikinsa, ciki har da Robert LeVine da matarsa Sarah, suka wallafa nazarin da suka yi kan jarirai 18 a wani gari mai kasuwa a ƙasar Hausa. Sun tarar kowane jariri na da masu reno wajen huɗu, yana shaƙuwa da uku ko huɗu, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba mai ba shi nono ba ce. Wanda ya tashi a hannu huɗu, ba abin mamaki ba ne in ya girma bai tara duk buƙatun zuciyarsa a kan mutum ɗaya ba.

Kunya da ma'aunin baƙo

A nan ne takardar cikewa ke faɗuwa ƙasa warwas. Ka ba matar unguwar Kanwuri takarda mai cewa ta zaɓa daga ɗaya zuwa bakwai, yaya take jin daɗin buɗe wa mijinta cikinta. Wannan mata ko sunansa ba ta kamawa. In ta ce ɗaya, mai bincike ya rubuta mai ja da baya ce. In ta ce bakwai, ta ji ta yi tsiraici a gaban baƙo. Duk amsar da ta bayar, kunya aka auna.

Akwai wata hira da Mary Main da abokan aikinta suka tsara a Berkeley a tsakiyar shekarun 1980, wadda har yau ake ji da ita. Ana cewa mutum ya kawo kalmomi biyar da ke siffanta zamansa da mahaifiyarsa yana yaro, sannan ya kawo labarin da ke tabbatar da kowace kalma. Mai nazari ba ya damuwa sosai da ko yarintar ta yi daɗi. Abin da yake dubawa shi ne ko labarin ya haɗu, ko kuwa mutum na yabon abin da ya kasa kawo masa misali. Dabara ce mai kyau. To amma zaunar da ɗan fari na gidan Hausa ko na Fulani. Zai ce maka uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, wurin kaka aka yaye shi kuma can ya zauna. In mai fassara bai san alkunyar ɗan fari ba, sai ya rubuta an ƙi yaron. Sarah LeVine da kanta ta ba da labari, a littafin da ta rubuta da mijinta a 2016, yadda wannan kau da kai na iyaye mata Hausawa ya tayar mata da hankali da farko, don a karatunta na Turai alamar cuta ce, sai ga yaran sun tashi lafiya lau.

Ni ɗan fari ne. Na san uwar da ba ta kallona ita ce ke ɓoye mini ƙashin miya a ƙarƙashin tuwo.

Haka shaƙuwar miji da mata take a wannan gari, tana nan amma ba ta da baki. Tana cikin ledar tsire da ake shigowa da ita bayan yara sun yi barci. Tana cikin turaren da mace ke ajiyewa don ranar girkinta, da tarin da maigida ke yi a zaure wanda ita kaɗai ta san ma'anarsa. Kakana ya yi shekara fiye da hamsin da kakata ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. Da ta rasu, furar kowa aka dama masa sai ya kurɓa sau biyu ya ture kwanon. Bai yi kuka a gaban kowa ba, bai kuma ƙara ƙiba ba har ya bi ta.

Kada kuma a ce Sakkwatawa ba su taɓa furta irin wannan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Danfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka haifi 'ya'ya maza, ciki har da Abdulƙadir wanda ya gaji wazirci. Da Giɗaɗo ya rasu ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanta Bello da aminiyarta A'isha. Malama ce da duk ƙasar ke girmamawa, ba ta kuma ga aibin sa baƙin cikin rabuwa da miji a rubuce ba. Unguwar da na riƙa zuwa ina zama a zaure sunan mijin nata take ɗauke da shi.

Wanda ke son sanin abin da ke tsakanin ma'aurata a irin wannan wuri, sai ya cire takalmi ya zauna. Wannan shi ne binciken sauraro: mutane kaɗan, hira mai tsawo, komawa sau da yawa, a rubuta maganar mutum yadda ya faɗe ta, sannan a zauna a tsefe ta. Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan hanya ba ce. A 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma daga bakinta aka ji abin da ƙidaya ba za ta nuna ba: auren zumuncin da aka yi mata ba ta so, da wanda zuciyarta ta zaɓa, da yadda ƙawaye da kishiyoyi ke riƙe juna. A nan Sakkwato Jean Trevor ta yi nazarin ilimin mata da sauyin iyali a cikin birni, aka buga aikinta a 1975. Barbara Cooper ta yi shekaru tana sauraron matan Maraɗi kafin littafinta na 1997 kan aure a can.

Da ni ne zan shiga gidajen Sakkwato da wannan niyya, mace zan tura wurin mata, namiji wurin maza, kuma ba za a haɗa miji da mata a zama ɗaya ba. Ba zan bari a tambayi kowa ko yana son matarsa ba. Ta gefe ake shiga. Wa ya fara sanin kina da wannan cikin? In yaro ya yi zafi tsakar dare, wa kike tayarwa? In kin ɗauki adashi, maigida ya sani? Shi kuma namiji a tambaye shi: ranar da kasuwa ta karye maka, ko albashi ya yi wata biyu bai zo ba, wa ka faɗa wa? Na gwada wannan ta ƙarshe a majalisarmu ta shayi. Wani ya ce mahaifiyarsa, wani ya ce amininsa, wani ya ce Allah kaɗai. Da na ce matanku fa, sai aka yi dariya aka koma hirar ƙwallo.

Gidan da ke ƙaruwa ta ƙofa biyu

Littattafan Turai ba su san gida na iya ƙaruwa da babba ba. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan aure a Nijeriya na da kishiya, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya fi haka. Fiƙihu ya tsara rabon kwana daki-daki, har da kwana bakwai na amarya budurwa da uku na bazawara, malamai kuma sun bayyana cewa adalcin da aka wajabta na kwana ne da ciyarwa, karkatar zuciya ba a hannun mutum take ba. Wannan gaskiya ce. Amma mai ɗar-ɗar ba kwana take ƙirgawa ba, fuska take karantawa. Kuma ƙorafin da na fi ji a bakin 'yan'uwana mata bai cika zama kan ƙarin auren kansa ba, kan lokacinsa ne: ana ɗaura shi tana fama da tsohon ciki, ko tana tsakiyar goyo, lokacin da ta fi kowane lokaci jin ba ta da kyan gani. Kayan faɗar kishiya, atamfa ko nawa ce, ba sa amsa tambayar da ke ranta, wato ko har yanzu akwai wurinta.

Na kuma ga gidajen da kishiya ta zama mafakar da miji bai zama ba. Ita ke dafa ruwan jego, ita ke goya na tsakiya, ita ke kwana asibiti. Mai bincike da ya shigo da tunanin cewa kishiya abokiyar gaba ce kawai, rabin labari zai fita da shi.

Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. Macen da ta nemi mafaka wurin miji ba ta samu ba, ba ta fasa nema, wurin ɗanta namiji take mayar da ita. Shi ne mai share mata hawaye, shi ne bangon jinginarta. Shekara ashirin da biyar bayan haka sai a kawo wa wannan ɗa amarya, yarinya mai neman tata mafakar a wurin mutumin da wata ta riga ta jingina da shi. Muna kiran abin rikicin uwar miji, mu yi ta wasan kwaikwayo a kansa a rediyo. Ni a ganina bashin wani aure ne ake biya a wani auren.

Yanzu kuma garin ya sauya. Tsofaffin gidajen cikin birni, masu sassa biyar ko shida da tsofaffi a kowane lungu, ba su ɗauke zuriyarsu. Matasa sun watsu Mabera da Arkilla da Bado da Gidan Igwai, cikin gidajen haya masu ƙofar ƙarfe, inda maƙwabci ke iya shekara bai san sunanka ba. Miji na aiki a jami'ar Usmanu Danfodiyo ko sakatariya ko kamfanin siminti na Kalambaina, matar na koyarwa ko aikin jinya, hutun haihuwarta ƙidayayye ne. Goyon ciki na nan, amma na fari ne, wani lokaci da na biyu. Daga na uku sai dai a aiko wata tsohuwa ta yi mako biyu ta koma, in an samu. Hannuwa huɗun nan da suka riƙe jariri da uwarsa sun ragu zuwa biyu, na ukun kuwa na mutumin da aka koya wa tambaya ɗaya ce tak.

Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 na aiki ga ma'aikatanta maza da aka yi wa haihuwa, tun 2021, amma sau ɗaya a shekara biyu, kuma 'ya'ya huɗu kawai. Basakkwace ya ji wannan ya yi murmushi. Mafi yawan mazan garin ma ba ma'aikatan tarayya ba ne; ɗan kasuwar Kara ko mai kabukabu in ya zauna gida kwana 14, tukunya ce za ta huta. A asibitocin haihuwa kuwa, wurin miji gindin darbejiya ne. Ana kiransa in za a sayo magani ko a nemo jini, a kira shi in an sauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa na shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A garin da ambaton Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake, ya zama abin zolaya, wace mai jego ce za ta ce zuciyarta ba daidai ba? Sai a ce iska ce, ko a ce raki. Mutumin da ke kwana gida ɗaya da ita shi ya fi cancanta ya fara lura, in yana kallo. Ma'auratan Cowan sun gwada tara ma'aurata ƙungiya-ƙungiya, suna haɗuwa mako-mako na wata shida kafin haihuwa da bayanta, suna faɗin abin da ke damunsu, kuma waɗanda suka samu wannan zama aurensu bai yi sanyin na sauran ba. Matanmu sun daɗe da irin wannan zama a ɗakin mai jego, kyauta. Maza ne ba su da shi. Abin da ke kaiwa gaban alƙali bayan yaji da biko sun gaza, maganar abinci ce da tufafi da kuɗin haya, don su ne ke da suna a shari'a. Ba a shigar da ƙara a kan cewa mutum ya shigo bai dubi fuskar matarsa ba.

Haihuwarmu ta huɗu a Arkilla aka yi ta, cikin zafin Afrilu, surukata ta riga ta rasu. Wata gwaggo ta zo ta yi kwana goma ta tafi, nata gidan na jiranta. Wani dare, jaririn na da mako uku, na dawo daga majalisa wajen sha ɗaya, ba wuta, na tarar da matata zaune a tsakar gida bisa tabarma tana yi masa fifita, na ukun ya yi barci a cinyarta, kwanonin dare ba a wanke ba. Na tsaya a kanta na ce, "Mi anka rasa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, shekara tara kana tambaya ta mi anka rasa. Shinkahwa na nan, mai na nan."

Na rasa ta cewa. Na jawo kujerar tsugunno na zauna, abin da ban saba ba. Can na ce, "To mi yas same ki?"

Ta daɗe tana kallona a hasken fitilar waya, kamar tana auna ko da gaske nake. Na zaci za ta yi kuka, ko ta kwance mini tsohon ƙulli tun na zauren Gidadawa. Sai kawai ta miƙo jaririn ta ce, "Riƙa min shi in yi kwana."

Ta kwanta nan inda take, ko minti biyu ba a yi ba numfashinta ya sauya. Na zauna da shi a hannu ina korar sauro, ina tsoron motsi. Ya farka sau biyu, na yi ta jijjiga shi yadda na ga ana yi, ya koma. Ɗa na huɗu ke nan, sai a daren na san jaririn mako uku na iya sa hannun ƙato ya mutu. Ina nan zaune har ladanin masallacin layinmu ya yi kiran farko.